Muhawara: Shin sinadaran tsirrai za su iya raba ciki da ƙwayar Helicobacter pylori?

Malam Isiyaku:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da na daɗe ina son kawowa zauren nan, ganin cewa muna da likitoci da masu binciken ƙwayoyin cuta da masu kishin magungunan itatuwa duk a wuri ɗaya. Tun daga shekarar 1982, lokacin da Barry Marshall da Robin Warren suka yi nasarar renon ƙwayar Helicobacter pylori a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, masana suka fara gane cewa wannan ƙwaya tana haddasa gyambon ciki, a hankali suka daina ɗora laifinsa a kan damuwa da yunwa kaɗai, kuma wannan aikin ne ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Abin da likitoci suka saba bayarwa shi ne antibayotik iri biyu tare da maganin rage asid na tsawon kwana 14, sai dai ƙwayar tana ƙara bijire wa waɗannan magunguna, har ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya nau'inta mai bijire wa kilaritiromaisin, ɗaya daga cikin waɗannan antibayotik, cikin jerin ƙwayoyin da ke bukatar sabon magani a 2017. A gefe guda kuma, ba a rabuwa da rahotannin da ke cewa sinadarin tafarnuwa ko na kurkum ko na tsiron burokoli ya kashe wannan ƙwaya a ɗakin gwaje-gwaje. Tambayata ita ce: idan har waɗannan sinadarai suna kashe ta da gaske, me ya hana asibitoci su koma gare su?

Malama Zainab:
Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da bayyana yadda ake samun irin waɗancan rahotanni, domin aikina ne, kuma a nan ne yawancin ruɗanin yake farawa. Muna shafa ƙwayar a kan faranti mai ɗauke da abincin reno da aka gauraya da jini, mu rufe shi cikin tulun da aka rage wa iskar oksijin, mu ajiye a ɗumin jikin ɗan Adam. Bayan kwana uku zuwa biyar sai a ga 'yan ɗigo ƙanana masu sheƙi sun bayyana a fuskar farantin, waɗanda ido ba ya kama su sosai sai an karkata shi ga haske. Idan ana son gwada wani sinadari, sai a jiƙa ɗan faifan takarda da shi a ɗora a tsakiya, kuma idan yana da ƙarfi za a ga da'ira fayau kewaye da takardar inda ƙwayar ta kasa tsirowa. Wannan da'irar ita ce ake kira "ya kashe ƙwayar" a cikin labarai.

To amma ku dubi yanayin da abin ya faru. A kan faranti babu asid, babu abin da ke motsi, kuma sinadarin yana kwance a jikin ƙwayar kwana da kwanaki. A cikin mutum kuwa, abin da aka haɗiye yana faɗawa cikin asid mai tsananin ƙarfi, ya gauraya da abinci da ruwa, sannan cikin 'yan sa'o'i ya wuce zuwa hanji. Ita kuma ƙwayar ba ta yawo a tsakiyar ciki inda za a riske ta. Tana da siffar murɗe da 'yan wutsiyoyi da take ninƙaya da su, ta nutse cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon ciki, ta manne a jikin bangon. Tana kuma fitar da wani sinadari mai suna yuriyes, wanda ke farfasa yuriya, wani sinadari da ake samu a ruwan ciki, ya samar da ammoniya, ita kuma ammoniyar ta kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. Saboda haka sinadarin da ya yi abin mamaki a faranti yana iya ratsa cikin mutum ya wuce ba tare da ya kai ga maɓoyarta da isasshen ƙarfi ba.

Malam Habu:
Malama, na ji bayaninki kuma ban musa ba, amma ina ganin ana yawan amfani da wannan hujja wajen rufe ƙofa tun kafin a leƙa abin da ke ciki. Daga ina aka samo kwinin in ba daga ɓawon itacen sinkona ba? Maganin zazzaɓin cizon sauro da duniya ta dogara da shi yanzu, wato atemisinin, daga ganye Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi, kuma aka ba ta Nobel a 2015. Ba a faranti kaɗai maganar ta tsaya ba ma. A 1998 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga rahoton cewa ƙaron mastika, wanda ake samu daga wata bishiya a tsibirin Kiyos na ƙasar Girka, yana kashe wannan ƙwaya ko da an tsinka shi sosai. A 2010 kuma an yi gwaji a Saudiyya a kan mutum 88, inda waɗanda aka ba giram 2 na habbatus sauda a kullum tare da maganin rage asid, kusan kashi 67 cikin ɗari suka rabu da ƙwayar, alhali waɗanda aka ba magungunan asibiti kusan kashi 83 ne. Tazarar ba ta da yawa. A nawa ganin, abin da ya hana a ci gaba shi ne babu kamfanin da zai zuba dukiya wajen gwada abin da ba zai iya mallakar haƙƙinsa shi kaɗai ba.

Dakta Rabi:
Malam Habu, misalan da ka kawo na gaskiya ne, kuma su ne ya kamata mu tsaya a kansu. Rahoton mastika na 1998 gwajin faranti ne, irin wanda Malama Zainab ta siffanta. Da aka ba wa mutane ƙaron a Birtaniya a 2003, giram ɗaya sau huɗu a rana har kwana 14, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya rabu da ƙwayar, kodayake mutanen ba su kai goma ba. Daga baya an sake gwadawa a tsibirin Kiyos ɗin kansa a 2010, aka samu kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka sha ƙaron shi kaɗai sun rabu da ita, wanda ya nuna akwai wani abu a cikinsa, amma ya yi nisa ƙwarai da abin da ake nema. Ma'aunin da likitocin wannan fanni suke sa wa kowane haɗin magani shi ne ya kawar da ƙwayar daga kashi 90 cikin ɗari na masu shan sa ko fiye.

Game da gwajin Saudiyya, akwai wani abu a cikinsa da ba a cika ambata ba. An raba mutanen gida huɗu ne, don haka kowane rukuni mutum ashirin da 'yan kai ne kawai. Waɗanda aka ba giram 1 da waɗanda aka ba giram 3 duk sun tsaya a wajen kashi 48 cikin ɗari, sai na giram 2 ne suka kai 67. Idan abu yana aiki bisa ƙa'ida, abin da aka saba gani shi ne ƙarin adadi ya kawo ƙarin tasiri, ko aƙalla kada ya rage shi. Idan aka ga na tsakiya ya zarce na sama a cikin rukuni ƙarami irin wannan, mutum biyu ko uku kawai sun isa su juya lissafin, don haka sakamakon dalili ne na a sake gwaji mai faɗi, amma bai kai a gina hukunci a kansa ba.

Abin da na fi so zauren nan ya riƙe shi ne bambancin da ke tsakanin rage yawan ƙwayar da kawar da ita. Mafi kyawun misali shi ne na sulforafen, sinadarin da ke cikin tsiron burokoli. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna a 2002 cewa yana kashe ƙwayar a ɗakin gwaji, har da nau'in da ya bijire wa antibayotik. A 2009 aka buga gwajin da aka yi a Japan, inda mutum 48 masu ɗauke da ƙwayar aka raba su biyu, rabi suna cin giram 70 na tsiron a kullum har mako takwas. Alamun yawan ƙwayar da na kumburin bangon ciki sun sauka a jikin masu cin tsiron, amma wata biyu bayan sun daina, komai ya koma yadda yake tun farko. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Malam Isiyaku:
Dakta, wannan bayani ya gamsar da ni ta wani ɓangare, amma ya haifar mini da wata tambayar. An ce kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya, kuma mafi yawansu ba za su taɓa jin komai ba har ƙarshen rayuwarsu. Idan haka ne, ashe rage yawanta da rage kumburin da take jawowa ba riba ba ce, ko da ba a kawar da ita ba?

Dakta Rabi:
Tambayar tana kan hanya, Malam, kuma amsar ta danganta da wanda ake magana a kansa. Ga mutumin da gyambo ya riga ya kama, ragewa ba ta wadatar ba, domin muddin ƙwayar tana nan gyambon yakan dawo a mafi yawan lokuta, kuma gyambo yana iya zubar da jini ko ya huda bangon ciki. Haka nan tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan ƙwaya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara a jikin ɗan Adam. Akwai ma wani nau'in sankarar ciki da ke tasowa daga ƙwayoyin garkuwar jiki, wanda idan aka kama shi da wuri yakan koma da baya da zarar an kawar da ƙwayar. A irin waɗannan wurare babu batun ragewa.

Ga jama'a masu lafiya kuwa, mafi tsawon binciken da ya taɓo tambayarka shi ne wanda aka fara a 1995 a gundumar Linku ta lardin Shandon a ƙasar Sin, yankin da sankarar ciki ta yi yawa. Mutum 3,365 ne suka shiga. An ba wasu antibayotik ɗin amoksisilin da maganin rage asid na omefirazol na mako biyu kacal, an ba wasu sinadarin tafarnuwa na tsawon shekara bakwai da 'yan watanni, wasu kuma bitamin. Da aka bibiye su sama da shekara ashirin, aka buga sakamakon a 2019. Maganin mako biyun ya rage kamuwa da sankarar ciki da kuma mutuwa sanadiyyarta. Tafarnuwar ba ta kori ƙwayar ba, kuma raguwar kamuwa da sankara a rukuninta ba ta kai matsayin da za a tabbatar ba, amma an ga raguwar mace-mace daga sankarar ciki a cikinsu. Ke nan tsiro yana iya amfanar mai ɗauke da ƙwayar ta wata hanya daban da kashe ta, sai dai ka lura cewa mako biyu na maganin da ya dace ya yi aikin da shekara bakwai na tafarnuwa bai yi ba.

Malam Garba:
Ina so in shigo ta fuskar haɗa magunguna, domin akwai matsalar da ko ƙwayar ba ta da wayo za a ci karo da ita. Idan aka ce tafarnuwa tana kashe Helicobacter pylori, sinadarin alisin ake nufi, kuma babu alisin a cikin tafarnuwar da ba a taɓa ba. Sai an daka ta ko an yanka ta wasu sinadarai biyu da ke ajiye daban-daban a cikinta suke haɗuwa su samar da shi, sannan ba ya daɗewa yake lalacewa, zafin wuta yana kashe abin da ke samar da shi, asid ɗin ciki ma haka. An gwada ba wa masu ɗauke da ƙwayar ɗanyar tafarnuwa a Amurka a 1999, ba a ga wani canji ba. Sulforafen shi ma haka yake: sai an tauna tsiron yake samuwa, kuma dafuwa tana rage shi sosai. Kurkumin, wato sinadarin da ke ba kurkum launinsa, ba ya narkewa a ruwa yadda ya kamata kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini. A wani gwaji da aka buga a Italiya a 2007, an ba mutum 25 haɗin da ke ɗauke da shi na mako guda, uku ne kawai suka rabu da ƙwayar, amma da yawa sun ce ciwon cikinsu ya yi sauƙi.

Sannan yawan sinadarin da ke cikin tsiro yana canzawa bisa irin da aka shuka, ƙasar da ya fito, lokacin girbi da yadda aka adana shi. Ƙwayar amoksisilin ta miligiram 500 ita ce dai miligiram 500 a ko'ina idan ta gaskiya ce, amma cokali ɗaya na garin ganye ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa sai an auna. Wannan ne ya sa misalin atemisinin da Malam Habu ya kawo yake goyon bayan ɓangarorin biyu: daga ganye ya fito, amma bai zama maganin da duniya ta amince da shi ba sai da aka ware sinadarin, aka san adadinsa, aka gwada shi a kan dubban mutane.

Malam Habu:
Malam Garba, ban ƙi a ware a auna ba, abin da nake kira a yi ke nan. Amma akwai fifiko ɗaya da tsiro yake da shi wanda ba ku ambata ba. Antibayotik sinadari ɗaya ne mai bugun wuri ɗaya, shi ya sa ƙwayar take samun hanyar kauce masa, alhali ganye ɗaya yana ɗauke da sinadarai masu yawa da ke far mata ta fuskoki daban-daban. Da wuya ta iya bijire wa dukkansu a lokaci guda.

Malama Zainab:
Rabin maganarka gaskiya ce, Malam. Bijire wa kilaritiromaisin yana faruwa ne saboda ɗan canji ƙanƙani a wuri ɗaya cikin ƙwayoyin halittar bakteriyar, daidai inda maganin yake kamawa, kuma shi ya sa ƙa'idojin da likitocin Turai suka amince da su suka ce a guji haɗin da ya dogara da shi a duk yankin da bijirewar ta haura kashi 15 cikin ɗari. Bugun wurare da yawa a lokaci guda dabara ce mai kyau, kuma ita ce ma hikimar haɗa magani uku ko huɗu. Amma fitowar sinadari daga tsiro ba ta ba shi kariya daga bijirewa ba. Atemisinin ɗin da muke ta ambata, tun wajen 2008 aka fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana jure masa a yammacin Kambodiya. Abin da ya fi koya wa ƙwayar cuta juriya shi ne a riƙa taɓa ta da adadin da bai isa ya kashe ta ba na tsawon lokaci, kuma wannan shi ne ainihin yanayin da ake shiga idan ana shan abin da ke ragewa ba ya kawarwa.

Inda ni nake ganin makomar sinadaran tsirrai take shi ne wajen raunana ƙwayar domin antibayotik ya samu damar gamawa da ita. Akwai hanyoyi biyu da suka fi jan hankalin masu bincike. Ta farko ita ce hana ta mannewa a bangon ciki. 'Ya'yan itacen kiranberi suna da wasu sinadarai masu yin hakan, kuma a gwajin da aka buga a 2005, shi ma a gundumar Linku, an ba mutum 189 ko dai ruwan kiranberi ko wani ruwa mai kama da shi har kwana 90. Kusan kashi 14 cikin ɗari na masu shan na gaskiyar gwajinsu ya nuna babu ƙwayar, a ɗaya rukunin kuma kusan kashi 5. Adadin ƙarami ne idan ana neman magani, amma ya isa ya nuna cewa hanyar tana aiki a jikin mutum, ba a faranti kaɗai ba. Ta biyu ita ce toshe yuriyes, domin idan ta kasa samar da ammoniya asid ɗin ciki da kansa zai yi mata illa, kuma sinadaran koren ganyen shayi suna cikin waɗanda aka ga suna toshe shi a ɗakin gwaji. Ana kuma aiki a kan yadda za a naɗe irin waɗannan sinadarai cikin abin da zai manne a yauƙin ciki ya riƙa sakin su a hankali, maimakon su wuce cikin sa'a biyu ko uku. A ƙasar Sin an yi gwaje-gwaje da dama inda aka haɗa barbarin, wani sinadarin da ake samu daga tsirrai, da magungunan da aka saba, wanda shi ma matsayin mataimaki aka ba shi.

Hajiya Talatu:
Ina gaishe da malamai da likitocin zaure. Ni ba masaniya ba ce, amma maganar ta shafi gidana. An gwada ƙanena aka samu yana da wannan ƙwaya, aka rubuta masa magungunan, sai dai bai kai ƙarshensu ba saboda ɗacin ƙarfe da ya riƙa ji a baki da gudawa da tashin zuciya. Daga nan ya koma shan wani kafso na ganye da ya saya ta intanet, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana ɗauke da mastika da saiwar likoris. Ya ce ƙunar da yake ji a ƙirji da saman cibiya ta lafa, kuma da ya je aka gwada bayan gidansa yana tsaka da shan kafson, sakamakon ya nuna babu ƙwayar. Bayan wasu watanni ciwon ya dawo, aka sake gwaji aka same ta. Shi yana ganin sabuwa ce ya sake kamuwa da ita. Dakta, haka ne?

Dakta Rabi:
Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Babban mutum yana iya sake kamuwa, amma idan ƙwayar ta bayyana cikin 'yan watanni bayan maganin da ba a kammala ba, abin da ya fi yiwuwa shi ne ta farkon ce ba ta tafi ba. Gwajin bayan gida da gwajin numfashi duk suna dogara ne da yawan ƙwayar. A gwajin numfashi, misali, ana ba mutum ya sha yuriya mai alama ta musamman, idan ƙwayar tana nan sai ta farfasa ta, alamar ta fito a iskar da ya hura cikin 'yar jaka. Idan an danne ƙwayar ta ragu ƙwarai, gwajin zai iya nuna babu alhali tana nan. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a jira aƙalla mako huɗu bayan gama antibayotik, a kuma dakatar da maganin rage asid irin su omefirazol mako biyu kafin a gwada. Gwajin jini kuwa ba ya amfani wajen tabbatar da warkewa, domin alamar takan zauna a jini da daɗewa bayan ƙwayar ta tafi.

Jin sauƙi shi ma ba shaida ba ce. Abubuwa da yawa suna kwantar da ƙunar ciki ba tare da sun taɓa ƙwayar ba, kamar yadda gwajin kurkumin da Malam Garba ya ambata ya nuna. Abin da ya kamata shi ne ya koma wurin likita ya faɗi sunayen magungunan da ya fara sha da inda ya tsaya, domin ba a so a maimaita kilaritiromaisin ga wanda ya riga ya sha shi bai yi aiki ba. Akwai haɗi na biyu mai ɗauke da bismut da tetirasaikilin da metronidazol da maganin rage asid. A kuma gaya masa tun farko cewa bismut yana mayar da harshe da bayan gida baƙi, kada ya tsorata ya sake dainawa. Amma idan ya ga baƙin bayan gida mai danƙo da wari alhali ba ya shan bismut ko maganin ƙarin jini, ko ya yi aman jini, ko yana ramewa ba dalili, ko abinci yana maƙale masa, wannan na gaggawa ne. A tambaye shi kuma ko yana yawan shan maganin ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak, domin su ne sanadi na biyu mafi girma na gyambon ciki, kuma haɗuwarsu da ƙwayar tana ƙara haɗarin zubar jini.

Malam Garba:
Hajiya, akwai abin da ya ja hankalina a cikin abin da kika ce kafson ya ƙunsa. Saiwar likoris tana da tarihi a maganin gyambo, har ma an taɓa samar da wani magani daga sinadarinta wanda aka yi amfani da shi a shekarun 1960, amma aka ja da baya daga gare shi saboda yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya tayar da hawan jini, ya kuma zubar da fotasiyam har bugun zuciya ya rikice. Saiwar kanta tana yin haka idan aka daɗe ana sha, sai dai in nau'in da aka cire wa wannan sinadarin ne. Idan ƙanenki yana da hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya, a duba kwalbar da kyau a kuma nuna wa likita. Haka nan kafson da aka tattara sinadarin koren shayi a ciki da yawa yana iya taɓa hanta, kuma hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2018 game da shan miligiram 800 ko fiye na babban sinadarinsa a rana. Kafson tafarnuwa yana iya ƙara saurin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai gyambo. Barbarin kuma yana rage saurin yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna, sai adadinsu ya taru a jini fiye da yadda aka nufa.

Malam Habu:
Na yarda da gargaɗin, kuma ban taɓa cewa mai gyambo ya ajiye maganin likita ba. Amma labarin ƙanen Hajiya ni hujja ce a gare ni. Mutumin nan bai daina shan magani don raini ba, wahalar maganin ce ta kore shi, kuma irinsa suna da yawa. Idan akwai sinadarin tsiro da zai rage tashin zuciya da ƙunar ciki har mutum ya iya kammala kwana 14 ɗinsa, to ya taimaka wajen kawar da ƙwayar ko da shi kansa bai kashe ko ɗaya ba. Kuma har yanzu ina kan bakana cewa ƙarancin manyan gwaje-gwaje a wannan fanni ba daga raunin tsirran kaɗai ya samo asali ba, har da rashin mai ɗaukar nauyi. Jami'o'i da gwamnatoci ne ya kamata su cike wannan giɓi.

Malama Zainab:
A kan wannan ba mu da saɓani, Malam Habu, kuma tambayar da ka yi ana iya amsa ta da gwaji ɗaya mai tsari. A ɗauki ɗaruruwan masu ɗauke da ƙwayar, a ba kowa cikakken maganin da aka saba, sannan a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a ƙara musu sinadarin da aka auna adadinsa, rabi a ba su kafso mai kama da shi wanda babu komai a ciki, ba tare da majiyyaci ko likitansa sun san wanda ya samu wanne ba. Daga nan a ƙirga waɗanda suka kammala maganin, da waɗanda suka sha wahalarsa, da waɗanda gwajin numfashi ya wanke bayan mako huɗu ko fiye. Yawancin gwaje-gwajen da muke da su yanzu sun gaza ne a ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa: ko mutanen sun yi kaɗan, ko ba a auna sinadarin ba, ko an yi gwajin tabbatarwa da wuri.

Hajiya Talatu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe, Dakta: idan zai sake yin gwajin, kafson ganyen ma sai ya dakatar da shi, ko magungunan asibiti ne kawai ake dakatarwa?

Dakta Rabi:
Ya dakatar da shi, Hajiya. Ƙa'idar mako huɗu da mako biyu an tsara ta ne domin antibayotik da bismut da magungunan rage asid, amma dalilin da ya sa aka tsara ta ya shafi duk abin da zai iya danne ƙwayar na ɗan lokaci, kuma mun ga mastika da tsiron burokoli da kiranberi suna iya yin hakan. Ya ajiye kafson makonni kafin ranar gwajin, ya tafi da kwalbar wurin likita domin a karanta abin da ke cikinta, kuma a auna masa hawan jini a wannan zuwan saboda likoris ɗin.